Wa Ya Wanke Kaskon Wubalem?

Wata biyu da auren Wubalem da Dereje, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, dangin miji suka cika gidansu a Debre Markos, don a ranar amarya za ta fara ciyar da su da hannunta. Ƙullun tef, hatsin da ake yin faffaɗar wainar nan injera da shi, ya kwana uku ya tashi, ƙamshin miyar kaza kuwa har bakin titi.

Wubalem ta hura wuta, ta ɗaga murfin mitad, faffaɗan kaskon yumɓun da uwarta ta shekara ashirin tana tuyar injera a kai kafin ta ba ta. Fuskar kaskon da ta sani baƙa wuluk mai sheƙi ta koma toka-toka, duk an kankare ta, sai ƙamshin sabulu.

Wace 'yar yankin nan na Gojjam ce ba ta san ba a wanke mitad ba? In ya yi zafi, dakakken irin kabeji ake barbaɗawa, a murza da tsumma har mai ya ratsa shi. Baƙin nan shi ne ransa.

Ta zuba ƙullu, ya manne. Ta sake, ya yage. Ga baƙi na jira, dole ta kai haka.

Surukarta, Emama Zewditu, ta ɗaga yanki da yatsu biyu.

"Wannan injera ce ko tsumman goge takalmi? Makauniya, fuskarta sumul, ko ɗan ramin ido ɗaya babu!"

"Emama, kaskon ne aka..."

"Kaskon! Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Uwar da ta sako ki gidan miji ba ta koya miki riƙon mitad ba, ita ce abin tambaya."

Wubalem ta dubi mijinta. Dereje ya sunkuyar da kai, yana tura hannuwansa cikin mayafi. Amma ta riga ta gani: yatsunsa duk sun kuje, ƙarƙashin faratansa baƙi ƙirin. Ta jira ya buɗe baki. Sai ya ɗauki ruwa ya sha.

Da la'asar, bayan an watse, ta tare shi a ƙofa.

"Nuna mini hannunka."

"Wubiye, na rantse da Maryama, alheri na nufa. Jiya kina kasuwa na ga ya yi baƙi, na sa soson ƙarfe da sabulu, wai in ba ki mamaki."

"Ai kuwa ka ba ni! Me ya hana ka faɗa?"

"Kin san yayana, Gashe Admasu. Ya ji na taɓa mitad, har in mutu 'amarya' zai riƙa kira na. Sori mana. Gobe in sayo miki na lantarki."

"Riƙe sorinka da lantarkinka," in ji ta, hawaye na zuba. "Wankin ba komai ba ne, rashin sani ne. Amma kai kana gudun dariya, ni aka ci mutuncin uwata kana shan ruwa! Ba zan tona ka ba, Dereje. Sai dai ka sani, a gaban mutum goma sha ɗaya aka zage ta. Haƙurin bayan ƙofa ba ya biyan wannan."

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara gida ba. Kullum da safe takan ɗora kaskon a wuta kaɗan-kaɗan, ta barbaɗa iri, ta murza, ta bar shi ya huce. Abincinsa bai taɓa makara ba, amma lomar da takan sa masa a baki ta daina. Shi kuwa sai kewayar madafi yake kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Lahadin da ta zagayo aka taru shan kofi a gidan Emama. Ba a gama kofin farko ba tsohuwa ta fara ba maƙwabciyarta labarin makauniyar injera. Wubalem ta ci gaba da zuba kofi.

"Emama," in ji Dereje, ya miƙe tsaye. "Ni na wanke kaskon. Da sabulu. Uwarta ta koya mata, ni ne ban sani ba, kuma na yi shiru."

Gashe Admasu ya ƙyalƙyale har kofi ya sarƙe shi. "Amarya! A kawo mata ɗankwali!"

"Rufe mini baki, Admasu!" Emama ta juya kan Dereje. "Kana zaune ka bar ni na zagi baiwar Allah a kan ɓarnarka? Ba shigarka madafi ce ta kunyata ni ba, shirunka ne!"

Ta kama hannun Wubalem. "'Yata, na faɗi magana kan uwarki, na janye ta a gaban waɗanda suka ji. Gobe ki raka ni wurinta, da bakina zan gaya mata."

A hanyar gida yara har sun ɗauki sunan, suna bin sa da "Amarya!" Wubalem ta rage tafiya har ya iso ta.

"Gobe kafin in tafi ka tashi da wuri," ta ce. "Tunda kana son mitad, zan koya maka murza shi."

To, kada wani ya tafa wa Dereje. Abin da ya kamata ya faɗa a take ya faɗa bayan kwana bakwai, kuma kwanakin nan matarsa ce ta ɗauke su. Ku samari, shiru ma magana ce. In aka ɗora wa matarka laifinka a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka sauke shi, ko da garin duka zai yi maka dariya.