Gurbin Auta

Wallahi ko na dafa Alƙur'ani ba za ku yarda ba, amma haka aka yi.

Injiniya ake ce masa, shi ya raɗa wa kansa. Makarantar kwamfuta ya shiga, bai kai ƙarshe ba ya fito, wai malaman ne ba sa gane shi. Wani ƙaramin asibiti ya ba shi aikin shafin rajistar iyali: kowane mutum da gurbinsa, a danna "ƙara" sabon gurbi ya buɗe, a danna "goge" ya tafi. Da gidansu ya gwada, a jere daga sama zuwa ƙasa: Baba, Mama, shi, sai ƙanwarsa Auta.

Ana dab da magariba tsiyarsa ta motsa. Ya buɗe gurbi a saman na Auta, ya rubuta "Na Bayan Ƙofa", sunan aljanin da yake tsorata ta da shi, ya kira ta.

"Zo ki gani, ke matsoraciya. Da kansa ya fito."

Ta kurma ihu, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya danna "goge". Ashe na'ura daga sifili take ƙirga, shi kuma daga ɗaya ya ƙirga. Gurbin ƙasa ne ya tafi. Na Auta.

Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani.

Auta ta zauna a bayan ƙofa, ta daina amsa sunanta. Mama ta jijjiga ta, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Injiniya ya yi ta danna "ƙara". Duk gurbin da ya buɗe, dutse zai faɗo, gurbin ya rufe.

Baba ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya. Malamin ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe, da muryar tsoho.

"Ban shigo da ƙarfi ba, Malam. Rubuta ni aka yi."

"Wa ya rubuta ka?"

Yatsan Auta ya ɗago a hankali, ya tsaya a kan yayanta.

"Wannan mai bakin. Tun kafin a kafa tubalin gidan nan nake nan, ba wanda ya taɓa ƙirgawa da ni sai shi."

"Fita daga jikinta, don girman Allah."

"Zan fita. Amma gidan na mutum huɗu ne, ni kuma na shiga lissafi. Wani ya bar min gurbinsa."

Baba ya dubi ɗansa. Numfashin Auta ya fara sama-sama.

Injiniya ya jawo kwamfutar. Yanzu ya san yadda kuskurensa yake aiki. Ya kai yatsa kan "goge" na gefen sunan Mama.

"Ni za ka cire, ɗan nan?" in ji ta. "To, danna. Danna mana!"

Ya danna. Na ƙasa ya tafi. Nasa. Ya buɗe sabo, ya rubuta sunan ƙanwarsa, wannan karon gurbin ya zauna.

Auta ta yi atishawa, ta ce, "Mama, ƙishirwa."

Mama ta rungume ta, ta miƙe ɗebo ruwa. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Injiniya. Ta ja mayafinta, ta ɗan matsa gefe.

"Bawan Allah," ta ce, "tare kuke da Malam?"