Dutsen da Na Ɗauko Daga Chadi

Ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga Agusta, bayan la'asar, na tashi daga Birnin Kudu zan kai wa 'yata Zahara'u tsaraba a Gwaram. Zulkifli, ɗan ƙanwata, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ya ɗauke ni a kan babur ɗinsa. A cikin jakata akwai turmin atamfa, da kwalbar zuma, da turaren wuta, da wani dutse guda a cikin ambulan.

Dole in yi bayanin dutsen.

Na yi karatu a makarantar mishan a Jos, lokacin mahaifina yana aikin hanya a can. Fadan cocin da ya koya mana labarin ƙasa yana da akwati cike da duwatsu, kowanne da 'yar takardarsa mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata. Daga gare shi na ɗauki wannan ɗabi'a. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin safiyo, wato awon ƙasa, kuma duk inda na sa ƙafa sai na tsinci dutse na rubuta masa takarda. Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce na tara abin da ko akuya ba ta ci.

A makarantar nan na haɗu da Barau. Benci ɗaya muka zauna shekara biyar. Daga baya ya bi fatauci ya zauna a Garwa, ƙasar Kamaru, ya yi aure, ya tsufa a can. A daminar nan ya matsa mini a waya in je mu ga juna tun da sauran numfashi. Na je. Kwana tara na yi.

Yana ganina a tasha ya ce, "Safiyo! Har yanzu kana tsintar tsakuwa kamar kaza?"

Na ce, "Kai kuma har yanzu ba ka koyi gaisuwa ba?"

Muka rungume juna, tsofaffi biyu, muna kuka mutane na kallo.

Barau ya rantse ba zan koma gida da ƙasa ɗaya kawai a fasfo ba. Ya zuba ni a tsohuwar motarsa. Muka hau Ngawundare, inda sanyi ya sa na sayi rigar ɗumi a watan Agusta. Muka gangara har bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, na taka ƙasar da ƙafa biyu, na tsinci dutse, muka juyo. Rana ta bakwai muka shiga Chadi, muka ci kifi a bakin tafkin Lere.

A kan hanyar dawowa, kafin iyaka, ya tsayar da mota a wani wuri da babu gida ko ɗaya. A gefen hanya akwai tsibin duwatsu, tsayinsa ya kai ƙirjina. Barau ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ya jefa a kai.

Ya ce, "Jefa taka."

"Ta mece ce?"

"Mutanen nan sun ce tsibin yana nan tun zamanin da aka kashe wani a wurin da jifa. Ba wanda ya san laifinsa. Kowa ya zo wucewa sai ya ƙara ɗaya. Ana ƙarawa ne, Safiyo, ba a ɗauka. Na san halinka."

Na jefa tawa. Shi kuma ya zagaya bayan mota yin alwala.

A gindin tsibin, can ƙasa, na hango wani dutse baƙi mai santsi, girman ƙwan agwagwa, da jan zare ya ratsa shi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na tsaya na yi tunani irin na mai awo. Na ƙara ɗaya. In na ɗauki ɗaya, tsibi yana nan yadda na same shi. Na zare shi na sa a aljihu. Da ɗumi na ji shi, na ce rana ce.

Dutsen ya kwana biyu a gidan Barau, a ɗakin da aka sauke ni. Sannan ya biyo ni Birnin Kudu.

Ran da na iso, ana kiran magariba, wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗakina. Ƙwas. Na fita ban ga kowa ba. Washegari, daidai lokacin, sau biyu. Rana ta uku, sau uku, har kwano ya lotsa. Na rubuta a littafina cewa 'ya'yan maƙwabta suna bukatar tarbiyya.

Rana ta huɗu ce Alhamis ɗin nan. Zahara'u malamar labarin ƙasa ce a sakandare, tana da cikin wata takwas. Ta roƙe ni in bar mata dutsen mako guda ta nuna wa ɗalibanta.

Ruwa ya tsare mu a wata rumfa fiye da awa ɗaya. Da muka koma kan hanya rana ta yi ja. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, ta fi mutum. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hayaƙin girki daga wani ƙauye da ba mu gani. Kwaɗi sun fara. Mun kusa garin Sara sai wayata ta yi ƙara. Na ga lambar Kamaru, na taɓa kafaɗar Zulkifli ya tsaya.

Sharifa ce, matar Barau. Da ƙyar nake jin ta.

"Malam, Alhaji ya ce in tambaye ka. Me ka ɗauko?"

Na ce, "Ina Alhajin? Ba shi wayar."

"Ba ya iya riƙewa. Kwana huɗu ke nan ana jifan gidanmu da magariba. Yau ya shiga ɗakin baƙi ya duba, ƙofa ta rufe. Mun ɓalle ta. Malam, ɗakin cike yake da duwatsu. Rufin bai huje ba. Taga a kulle."

A bayanta ina jin wata irin ƙara, kamar ana zuba tsakuwa daga tifa. Sai muryar Barau, can nesa, a dishe.

"Safiyo, kada ka shigar da shi gidan kowa."

Wayar ta yanke.

Zulkifli ya waiwayo. "Kawu, lafiya?"

Na ɗaga masa hannu. Ina sauraro ne. Kwaɗin sun yi shiru, dukansu, lokaci guda.

Can a wani ƙauye ladan ya ɗaga murya yana kiran magariba.

Dutsen farko ya fasa fitilar babur.

Zulkifli ya ce, "Wane ɗan iska ne!" Ya sauka zai nufi cikin dawa. Na biyu ya same shi a baki. Na ji ƙarar haƙora. Ya dafe fuska, jini na bin yatsunsa.

"Hau, Kawu! Hau!"

Ya buga babur, ya tashi. Ba mu yi taku hamsin ba wani ƙaton dutse ya daki ƙafar gaba. Muka kife. Babur ya danne masa ƙafa, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ni na faɗa cikin lambatu, jaka a wuyana. Zumar ta fashe. Ƙanshinta ya gauraye da na fetur da na jini.

Sai jifa ya sauko.

Daga hagu, daga dama, daga sama. Ba kowa. Dawar ko motsi ba ta yi. Amma ina jin su. Nishin mutane masu yawa, irin nishin da mutum ke yi in ya ɗaga abu mai nauyi ya wurga. Takun ƙafafu a kan laka. Wata mace tana guɗa.

Ɗaya ya same ni a haƙarƙari. Ɗaya a gwiwa. Na ɗaga hannu in kare kaina, wani ya murƙushe mini yatsu biyu.

Na lura da abu guda, domin lura ita ce sana'ata. Zulkifli yana kwance taku goma daga inda nake, yana salati, kuma jifan ya bar shi. Duk a kaina yake sauka. A kan jakar.

Na zaro ambulan ɗin. Dutsen ya yi zafi kamar an ciro shi daga murhu. Na yi niyyar wurga shi cikin gona. Sai na tuna gonar tana da mai ita, kuma gobe zai tsince shi ya kai gida.

Wani dutse ya sauka a idona na hagu. Duniya ta yi fari, sannan ta yi ja.

Da ɗayan idon na gan shi.

Yana fitowa daga cikin dawa, yana jan ciki. Ba riga. Bayansa duk a farfashe. Hannu ɗaya yana bin sa a ƙasa kamar tsumma. Inda ya kamata a ga fuska babu fuska, sai rami a goshi, daidai girman ƙwan agwagwa.

Duwatsun suna sauka a kansa, suna sauka a kaina. Yana zabura duk lokacin da ɗaya ya same shi. Bai yi kuka ba. Ina jin ya daɗe da gama kuka.

Ya iso gabana. Warinsa na tsohuwar rijiya ne.

Na ce, "A'uzu billahi."

Bai taɓa ni ba. Ya kwanta rub da ciki a gefen hanya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya bubbuga bayansa. Sau biyu. A hankali.

Sai na gane: mutumin nan ne da aka kashe da jifa. Ba shi ke jifa ba. Tsibin nan na Chadi ba kurkukunsa ba ne, mafakarsa ce. Ni na buɗe shi, masu jifansa suka sake ganinsa.

Na rarrafa. Na ɗora baƙin dutsen a kan ƙeyarsa.

Ya yi ajiyar zuciya.

Na jawo wani na ɗora. Na jawo wani. Duwatsun ba su yi wuyar samu ba, sun cika hanya. Ina ɗorawa ana jifana. Kafaɗa. Baya. Kunne. Da hannu ɗaya nake aiki.

Na ji wani abu yana ja a bayana. Zulkifli ne, ya zare ƙafarsa daga ƙarƙashin babur, yana turo mini duwatsu da gwiwar hannu.

Ya ce, cikin raɗa, da fasasshen baki, "Kawu, ƙafafunsa. Ga ƙafafunsa a waje."

Muka rufe ƙafafun.

Nishin ya ragu. Guɗar ta tsaya.

Saura tafin hannu guda, a buɗe, yana kallon sama. Na ɗora masa dutse na ƙarshe.

Shiru.

Sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Wata motar ɗaukar buhuna ce ta tsince mu kafin isha'i. A asibiti aka rubuta hatsarin babur, ban yi gardama ba. An cire mini idon. Zulkifli yana ɗingishi har yau, kuma bai taɓa ce mini komai a kan lamarin ba, abin da ya fi mini zagi ciwo. Barau ya cika a wannan magaribar. Sharifa ta ce jifan ya tsaya kamar an ɗauke ruwa, amma ya riga ya tafi. Shekara sittin muna abota, ya gaya mini abu ɗaya kada in yi, shi kuwa na yi. Zahara'u ta haifi namiji bayan sati uku. Na roƙi mijinta aka sa masa sunan Barau na yanka.

Da na samu sauƙi na kwashe duwatsun da na tara, ɗari biyu da sha ɗaya, na ƙona takardunsu, na kai su na zuba a kan sabon tsibin da muka yi a gefen hanyar Sara. Yanzu ya kai ƙugu. Masu babur da mata masu zuwa kasuwar Sara sukan jefa tsakuwa in za su wuce. Ba wanda ya koya musu. Na tambayi wata dalili, ta ce ta ga ana yi ne.

A watan jiya aka fara maganar faɗaɗa hanyar. Na rubuta wa masu aikin wasiƙa uku, da hannuna, ban samu amsa ba. Ranar Litinin na je na tarar sun kafa turakunsu masu jan fenti. Na fito da tsohon tef ɗina na auna, na sake aunawa, don ido ɗaya yana iya yaudarar mutum.

Tsibin yana cikin hanya da mita biyu.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar nakan sa a kai ni wurin, in shimfiɗa buzuna kusa da shi in zauna. In motar rusau ta zo, za ta same ni a can.