Riga Ɗaya Duk Kaka

Ku gyara zama in ba ku labarin Koci, tunda na ga ku ma kun fara cewa da kuna da kuɗi da kun gyara duniya.

Koci mai walda ne. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma. Sunan ma a shagon aski aka laƙaba masa don shaƙiyanci, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu. Da yamma ta yi zai ajiye tabaran walda, ya je ya mamaye bencin shagon, ya hau zagin Mai Siminti, attajirin da ke da kulob ɗin garin.

"Wannan mutum me ya sani a ƙwallo?" in ji shi. "Ya sayar da ɗan bayanmu mai ƙafa biyu, ya kwaso mana gurgu. Mai ya yi tsada, shinkafa ta gagari talaka, shi kuma ya ƙara wa tikiti kuɗi don mu je mu gasu a rana muna kallon ragwaye. Wallahi da nawa ne kulob ɗin nan, cikin kakar wasa uku sai kofi ya kwana a garin nan."

Mai aski bai ko ɗago ba. "To ka saya mana, Koci. Ka kai injin waldar kasuwa, in bai kai ba ka haɗa da tabarau."

Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi masa wannan dariya ba, 'yarsa tilo, wadda kowa ke kira 'Yar Baba. Tun tana ƙarama tare suke zuwa filin ƙwallo, su zauna a ɓangaren da ba rufi, su yi ihu har muryarsu ta dushe. In da abin da Koci yake so a duniya ban da surutun kansa, to yarinyar nan ce. Amma dariyar shagon ta ci masa rai, kuma wani dillalin ƙarafa ya raɗa masa inda masu neman dukiyar dare ɗaya ke zuwa.

Da rana tsaka ya je, bayan wata masana'antar fata da aka daɗe da rufewa. Ɗakin ba taga, warinsa kamar na kwata a damina. A tsakiya akwai baƙin tulu an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ƙyallen yana ɗagawa yana sauka a hankali, alhali ba iska. Daga bango zuwa bango an ja igiya, an rataye riguna a kai, na maza, na mata, har da 'yan ƙanana, duk sun ƙandare. A ƙarƙashinsu boka yake zaune, wani busasshen tsoho, yana zura baƙin zare a allura.

"Dukiya nake so," in ji Koci. "Wadda za ta sayi kulob."

"Za ka samu. Me ka kawo?"

"Ina da rago, in ana so."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Mai tulun nan ba ya cin rago. Duk kaka za ka kawo min riga ɗaya daga cikin rigunan 'yan wasanka. Zan yi mata ɗinki a wuya, ka mayar. Ranar da aka sa ta, duk wanda rana ta faɗi tana jikinsa, namu ne."

"Mutuwa zai yi?"

"Na ce namu ne. Abin da za mu yi da namu ba ruwanka."

Koci ya matso kusa. "Ba za a taɓa min gida ba?"

"Ni riga na sani. Ban san fuska ba."

Ku ji lissafin banza. Maimakon ya tsorata, sai Koci ya ji kamar ya yi tsintuwa. 'Yan wasa talatin, rabinsu a ganinsa albashi kawai suke ci, ɗaya duk shekara ai rage kaya ne. Ya miƙa babban yatsa, tsohon ya soka masa allura, ya ja zaren ta cikin jinin. Ƙyallen tulun ya kumbura, ya tsaya cak.

Ba a yi wata biyu ba aka ba shi aikin ƙofofin wata sabuwar unguwa gaba ɗaya. Daga nan sai ƙarafan gada, sai motocin dakon mai. Duk abin da ya taɓa sai ya haihu. A daidai lokacin kasuwar Mai Siminti ta karye, Koci ya saye kulob ɗin har da motarsa. Mai askin da ya yi masa gori, yanzu shi ke bin sa gida da almakashi yana "ranka ya daɗe".

Kakar farko ya zaɓi rigar tsohon ɗan gaba mai lamba tara, wanda ya shekara yana zagi. Aka tashi wasa dab da magariba. Mutumin yana zaune a ɗakin sauya kaya, ya cire takalmi ɗaya, sai ya kife. Koci ya tsaya gaban 'yan jarida yana share ido da hankici. Kafin sati ya zagayo ya sayo matashi a gurbinsa, yana ta yabon kansa a zuci.

Abin da ya manta, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin fili, shi ne ɗan ƙwallo ba ya zama da rigarsa. Ko ya yi musaya da abokin karawa, ko ya kyautar. Kowane mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya san wannan.

Kaka ta biyu rigar mai tsaron gida ya kai. An tashi wasa da sauran rana, mai tsaron gidan kuma yana neman shiga wurin mai kulob, sai ya tuɓe rigar ya ba ƙanin Koci, wanda ke kula da motar 'yan wasa. Bawan Allah ya ɗora ta a kan tasa, ya shigo gida yana washe baki.

"Yaya, ka ga abin da aka ba ni? Ta yi min kyau?"

Koci ya juyo daga waya. Kafin ya buɗe baki hasken tagar falo ya ɗauke, ƙaninsa ya sulale a jikin kujera, idonsa a buɗe.

Matar Koci ce ta cire masa rigar. Yatsanta ya ji wani ƙulli a wuya, ta farke, ta ga baƙin zare da busasshen jini. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa. Daga ranar ba ta sake magana mai kan gado ba. Takan wuni da reza tana farke wuyan duk rigar da ta gani a gidan, tana ƙirga sunayen 'yan uwa a hankali. Aka ce ciwo ne, aka kulle ta a ɗakin baya.

Da kaka ta uku ta zo, Koci ya koma bayan masana'antar, hannunsa ba riga.

"Baba, na fasa. A karɓe dukiyar."

"Ba a mayar da ita," in ji tsohon. Rigar mai lamba tara da ta mai tsaron gida suna rataye a bisa kansa, ko wa ya kawo su, oho. "Amma akwai sauƙi. In ba ka kawo ba, ran da kaka ta ƙare sai a ɗauki mai rigar da ke jikinka. Shi ke nan, gidanka ya huta."

Ga ƙofa nan an buɗe masa. Uba na gari da a nan ya tsaya. Koci kuwa washegari da sassafe ya dawo da rigar kyaftin a cikin leda.

Ya yi dabara irin ta matsorata. Ya ajiye rigar sai wasan ƙarshe na kofi, ya tara 'yan wasa ya ce duk wanda ya tuɓe riga kafin magariba a bakin aikinsa. A gida kuma ya hana 'Yar Baba fita. Ta kai shekara goma sha tara a lokacin.

"Baba, shekara nawa muna jiran ranar nan ni da kai?"

"Na ce ba za ki ba."

"Tun da ka sayi kulob ɗin nan ban ƙara ganin ka yi murnar ƙwallo ba. Ni har yanzu ina so."

Ya kulle ƙofa, ya ba mai gadi makulli, ya tafi. Ita kuwa ta bi ta ƙofar baya, ta sayi tikitinta, ta zauna a ɓangaren da ba rufi, inda suka saba.

Wasa ya yi zafi har aka shiga ƙarin lokaci, ba ci. Koci yana wurin manya, ba ƙwallo yake kallo ba, rana yake kallo, ta yi ja ta sauko dab da katangar fili. Saura kaɗan. A minti na ƙarshe kyaftin ya tashi sama ya sa kai, ƙwallo ta shige raga. Wane ɗan wasa ne zai tuna da dokar mai kulob a wannan lokaci? Ya fizge rigar, ya ruga yana kaɗa ta, ya wurga cikin 'yan kallo. Hannuwa ɗari suka tashi. Koci ya ga wadda ta cafke, ya gane ɗankwalinta, ya ga ta zura kai a ciki tana tsalle.

Ya diro daga wurin manya yana kiran sunanta. Jama'a sun riga sun ɓalle cikin fili. Suka ga mai kulob a guje, suka ɗauka murna ce, suka sure shi sama a kafaɗa. Yana naushin kawunansu, yana ihu a sauke shi, a cire mata rigar, su kuwa suna rera "Koci ya cika alkawari". Suka zagaya da shi fili. Daga can sama yana ganinta sarai. Ta hango shi, ta ɗaga masa hannu biyu, tana nuna masa lambar da ke ƙirjinta. Tana cikin ɗaga hannun rana ta shige bayan katanga.

Kofi ya kwana a garin, kamar yadda Koci ya faɗa. 'Yar Baba ce ba ta kwana ba.

Sauran ba tsawo. Motocin suka ƙone ɗaya bayan ɗaya, gadar da ya yi wa ƙarafa ta tsage, aka ƙwace kulob, aka ƙwace gida, 'yan uwan matar suka zo suka tafi da ita. Koci yana nan har gobe a bakin titin kasuwa, ya rame kamar sanda, yana bin duk wanda ya gani da rigar ƙwallo yana roƙonsa ya tuɓe. Shi kansa ba ya sa riga, rani da damina, ko an ba shi sai ya jefar. Mutane suna tausaya masa, suna cewa hauka ne. Ni ba na tausayinsa. Bayan ƙane, bayan mata, bayan 'ya, har yanzu ransa yake ɓoyewa.

Don haka duk wanda kwaɗayi ya kai shi ɗakin da ake biya da ran wani, ya sani ba shi zai zaɓi wanin ba. Ku zagi mai kulob ɗinku iya son ranku, ku koma bakin sana'arku, ku ci guminku. In kuwa kun ƙi ji, ku je titin kasuwa da yamma ku ga Koci yana kallon rana.