Mafarkin Yaya Kasozi

A wani ƙauye kusa da garin Masaka a ƙasar Uganda akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Sunanta ya kuɓuce mini, amma ina tuna bakinta. Ta iya kwaikwayon muryar kowa.

Yayanta Kasozi yana karatu a jami'a a Kampala. Duk ƙauyen da shi ake alfahari. Da ya zo hutu, sai ta ga ya rame. Kusan kullum ihu yake yi cikin barci, yana cewa bai gama ba.

Wata safiya ta ce, "Yaya, me kake gani ne?"

Ya ce, "Ɗakin jarrabawa. Hannuna ya ƙi motsi, mutanen ƙauyen nan duk suna tsaye a kaina. Kada ki gaya wa kowa."

Ta yi alkawari.

Ranar Asabar mata suka taru suna ɓare ayabar dafawa don wani biki. A wurin nan kowa sai ya kawo abin dariya. Da aka zo kan yarinyar, sai ta rufe ido, ta karkace baki.

"Ku dakata! Ban gama ba! Ban gama ba!"

Aka kwashe da dariya. Wata gwaggo ta ce, "To, boko ya taɓa kan Farfesa."

Kafin Litinin, yara sun ɗauka. Ko rijiya Kasozi ya je, sai su bi shi da "Ban gama ba!" Ya daina fita. Ya daina cin abinci. Hutu ya ƙare, ya ce ba zai koma ba.

Mama ta ce da yarinyar, "Kin samu dariyarki. Yanzu sai ki dafa ta ya ci."

A makaranta Malama Nabbosa ta same ta tana kuka. Ta saurari komai.

Ta ce, "Da ƙafarsa ce ta karye, za ki kwaikwayi tafiyarsa?"

"A'a, Malama."

"Damuwa ma ciwo ce. Ba hauka ba ce, kuma ana maganinta. Ki ce wa Mama akwai masu duba irin wannan a asibiti."

Yarinyar ta koma gida, ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Yaya, ka yafe mini."

Daga ciki ya ce, "Ke kaɗai na gaya wa."

Wannan maganar ta fi bulala zafi.

Mama ta kai shi asibiti. An ɗauki lokaci, har zango guda ya wuce shi. Amma barcinsa ya gyaru, ya koma karatu. Ranar tafiyarsa, ƙanwar tasa ya miƙa wa jakarsa ta raka shi bakin titi.

Yara, ciwon da ba a gani shi ma ciwo ne. Idan wani ya ba ku amanar damuwarsa, ku nema masa taimako, kada ku nema wa mutane dariya.