Lambun da Ma'aruf Ya Bari

"Ka ce mi?" Rahamatu ta dire ƙwaryar fura a bakin fangalin albasa. "Sake faɗi in ji!"

Mijinta Ma'aruf bai ɗago ba. Ya ci gaba da danne ƙasa a gindin ɗan dashen mangwaro.

"Ni zan tafi Jos haƙar kuza. Na riga na gaya wa dagaci."

"Ai sunan Yaya Shehu aka kira, ba naka ba!"

"Ɗiyansa biyar, Rahama, ga Inna a hannunsa. Turawa mutum guda suke so daga gidanmu, ba ruwansu da ko wane ne."

"Ni fa?" in ji ta. "Ko shekara ba mu yi da aure ba... kuma ka san ba ni kaɗai ba ce yanzu."

Sai a lokacin ya miƙe ya riƙo hannunta.

"Wata huɗu ne kawai, sanyin idona. Ki yi haƙuri."

Ta fizge hannun ta juya masa baya.

Filin kakansu ne a bakin fadamar Dudunni ta ƙasar Kusada, mai faɗin da in ka tsaya a wannan gefe ba a jin kiranka a wancan. Tun suna zance Ma'aruf ba shi da labari sai na lambun nan: mangwaro ta gabas, lemun tsami da gwaiba ta yamma, fangalai a tsakiya, da hanyar ruwa mai ratsa su. Ranar da ya tafi, shingen ƙaya bai kai rabi ba, rijiyar kuma an yi gaba uku ba a tarar da ruwa ba.

Daga ranar Rahamatu ta daina yi wa Shehu magana. In ya yi sallama sai ta shige ɗaki.

Shi kuwa kullum da sassafe yana lambun. Ya ƙarasa shinge, ya shiga rijiyar har ruwa ya ɓulɓulo, ya kafa jigon ɗebo ruwa. Ya rame kamar shi aka kai kuza.

Labarai suka fara zuwa. Wai sanyin ƙasar na kashe mutane. Wai abinci ba ya isa. Duk sa'ad da Rahamatu ta ji guɗa ko kuka a unguwa sai gabanta ya faɗi.

Wata huɗu suka cika, aka sauke mutanen Kusada a Kankiya. Babu Ma'aruf. Maƙwabcinsu Bube, wanda suka tafi tare, ya zo ya durƙusa a gaban Inna.

"Mun baro shi kwance, Inna. Ƙirji ne. Na so in tsaya, aka kora mu cikin jirgin ƙasa."

"Da rai?" Rahamatu ta faɗa daga bakin ƙofa, ta manta da kunya. "Bube, da rai ka baro shi?"

"Ranar da muka taso dai... yana numfashi."

Washegari ta tarar da Shehu a bakin rijiya yana ɗaure ƙunshin guzuri.

"Yaya..."

Ya juyo da sauri.

"Zan tafi in nemo shi," in ji shi.

Ta san in ya je ana iya riƙe shi a can. Ta tuna ɗiyansa biyar. Ta buɗe baki don ta ce kada ya tafi, amma abin da ya fito dabam ne.

"Ka kawo mini shi, Yaya. Don Allah ka kawo mini shi!"

Kwana ashirin da uku ba labari. Ita da Inna suke ba dashe ruwa da tulu, tana tafiya tana dafe ƙugu, idonta na kan hanyar Kankiya.

Wata rana da hantsi sai ga jaki. Shehu na jan sa, ƙafafunsa duk sun tsage. A bisa akwai wani mutum lulluɓe da bargo, wanda ba ta gane ba sai da ya yi murmushi.

Tulun ya suɓuce mata ya fashe.

"Maigida!"

Aka sauke shi a inuwar shinge. Ya daɗe yana kallon layukan mangwaro, ga albasa ta yi kore shar. Tari ya sarƙe shi, ta tallafe masa baya har ya lafa.

"Rahama," ya ce a hankali, "likitan can ya ce ƙirjin nan ba zai koma daidai ba. Ba zan ƙara jan jigo ba."

Ta share masa hawaye da bakin zanenta, nata na zuba.

"Wa ya ce ka ja? Kai dai ka zauna inda zan riƙa ganin ka. Ka nuna da yatsa, mu za mu dasa."