Ajiyar Yaya Sufeto

Auta na tsugune a falo tana goge kakin Yayanta Sufeto sai ta ji yana waya: “Ku ajiye min shi har sai na neme shi.” Har tsokanarsa ta yi, wai tsaraba ce ake ɓoye mata? Ya yi murmushi ya fice.

Ashe ajiyar Kafinta ne, saurayinta, wanda Sufeto ya rantse ba zai haɗa zuri'a da mai ƙurar katako a gashi ba.

Da aka neme shi aka rasa, uwar Kafinta ta zaga asibitoci har ƙafarta ta kumbura. Auta kuwa tun ranar zuciyarta ta ba ta, amma tsoron Yaya ya ɗaure mata baki. Kullum tsohuwar ta zo tambaya, ita ke ba ta ruwa, ta koma ɗaki ta sha kuka. Kai, wannan shiru ya ci ta!

Da aka sako Kafinta daga hannun 'yan sanda, ba tuhuma ba kotu, ya rame kamar tsinke, shagonsa a rufe. Lauya ya shigar da ƙara, amma babu shaidar wanda ya ba da umarni.

Mama ta riƙe hannun Auta tana hawaye, ta ce ta tuna nono ɗaya suka sha da Sufeto, ga matarsa da tsohon ciki. Kafinta kuma cewa ya yi ba zai taɓa sa ta zaɓa ba. Wannan haƙurin nasa ne ya ƙarasa karya ta.

A kotu ta faɗi abin da ta ji. Sufeto ya ce shi bai tsare kowa ba, ajiye shi kawai ya sa aka yi.

“Mutum kaya ne?” in ji alƙali. Aka tuɓe masa kaki, aka ɗaure shi.

Mama ta daina amsa gaisuwarta. Kafinta kuwa shi ya haɗa gadon jaririn Sufeto ya aika ba tare da ya shiga gidan ba.

Ranar da Mama ta je ziyara gidan yari, Sufeto ya kasa ɗaga ido. “Mama, ni an gaya min laifina, amma kwana ba ya wucewa. Shi Kafinta fa, da ba a gaya masa nasa ba? Ki ba shi Auta – in har yana so.”

Yana so kuwa. Wanda aka damƙa wa makulli ya sani, hukuma ba ta ba shi don huce haushin gida ba.