Lafayar da Ta Dawo da Ƙamshi

Ranar Asabar da hantsi Malama Falmata, shugabar wata firamaren unguwa a Gomari, ta kai ƙara caji ofis cewa an sace sabon allon sunan makarantarsu. Insifekta Dzarma ya ji sanyi a ransa. A shekarun nan na tashin bama-bamai, duk aikin da babu gawa a cikinsa hutu ne.

A cikin keke ta yi masa bayani. Tun da 'yan gudun hijira suka cika gari, yara suka fi ƙarfin azuzuwa. Wata gidauniya ta yarda ta karɓi makarantar. Fili da gini za su koma hannun kwamitin amintattu, su ne za su riƙa ɗaukar malamai, ita kuma ta gyara rufi ta ƙara azuzuwa. Sharaɗinta ɗaya, unguwa ta nuna tana so.

"Jibi za a buɗe allon a bakin titi, Yallaɓai. In mutanen gidauniyar suka zo suka ji an sace, cewa za su yi ba a maraba da su, su wuce wata unguwar."

Da ma a ofishinta aka jingine allon kafin a ɗauke shi, lulluɓe da lafayarta. Ba a fasa kwaɗo ba. A kan tebur ga lafayar an ninke ta tsaf.

"Da ita aka tafi jiya. Yau na tsince ta a taga."

Dzarma ya sunsuna. Ƙamshin turaren wuta ya cika masa hanci.

"Naki ne?"

"Ba haɗina ba ne. An ma wanke ta."

Ya daɗe yana aikin nan, bai taɓa gamuwa da ɓarawo mai wanki ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da mataimakina Malam Jonathan, sai Ya Kaltum, wakiliyar iyaye a kwamitin amintattu."

'Yan ƙato da gora na bakin layi suka rantse babu wanda ya fita da babban kaya ranar Juma'a. Ko buhun gawayi sai sun zazzage. Ashe allon yana cikin layin.

Malam Jonathan kuwa kowa ya san bakinsa. Shi ke cewa a taro gidauniya korar tsofaffin malamai za ta yi.

Dzarma ya tambaye shi, "Ina kake jiya da rana?"

"Gida, Yallaɓai. Zazzaɓi ya kwantar da ni."

"Zazzaɓin ne ya ba ka wannan?"

Dzarma ya zaro wata hula hana-salla da ta leƙo daga jakarsa, sabuwa fil, da tambarin gidauniyar. Malam Jonathan ya sosa ƙeya.

"Ofishinsu na je, in roƙi kada a manta da ni. Don Allah kada malamai su ji."

Dzarma ya danne dariya ya mayar masa da hularsa.

Ɗakin Ya Kaltum yana bayan makarantar. Dattijuwa ce, ta zo da jikokinta daga wajen Bama. Kaskon turare na hayaƙi a bakin ƙofa.

"Wushe, Yallaɓai. Shigo daga ciki."

"Ya Kaltum, kin shiga ofis jiya?"

"Me zai kai ni? Ina nan ina dahuwa."

Dzarma ya fito da abin da ya riƙo daga ofis. Ya ajiye lafayar kusa da kaskon. Ƙamshin ɗaya ne, babu ko tantama. Ta dubi lafayar, ta dube shi, sannan ta ɗaga tabarmar da ke jingine da bango. Allon na nan, ko ƙwarzane babu.

"Lokacin da maza suka tafi masallaci na ɗauko shi a ka."

"Ba kya son gidauniyar?"

"Ni na fara ɗaga hannu a taro. Titi ne ba na so." Muryarta ta yi ƙasa. "A garinmu ɗana ne malami. Shi ya kafa sabon allo a bakin hanya da hannunsa, kowa na murna. 'Yan bindigar nan da suka shigo garin ba su tambayi kowa hanya ba, allon ne ya kai su wurinsa. Na faɗa a kwamiti, aka ce tsoro ne irin na tsofaffi."

Tausayi ya kama Dzarma, amma ɗan sanda ne, akwai sauran tambaya.

"To me ya sa kika mayar da lafayar?"

"Allo amana ce a hannuna. Lafaya kuwa ta mutane ce. Kuma wace 'yar Barno ce za ta mayar da tufar wata babu turare?"

Ya tafi da ita caji ofis ta ba da jawabi. A hanya ya riƙe mata takalmi da ta hau keke. Kafin la'asar Malama Falmata ta zo ta janye ƙara, ta zauna kusa da dattijuwar a benci.

Ranar Litinin Dzarma ya halarci bikin ba tare da an tura shi ba. Amintattu sun sake zama, wannan karon sun saurara. An kafa allon a cikin katanga, yana fuskantar azuzuwa. Mutanen gidauniya suka sa hannu, Malam Jonathan na sahun gaba da hularsa.

Ya Kaltum aka ba ta yaye lafayar. Yara suka karanta sunan makarantarsu da ƙarfi, har da jikokinta. Mai wucewa ta titi kuwa bai ga komai ba sai katanga.